Manajan da Ya Ƙi Zaɓin Amininsa

An yi wani mutum a wannan gari namu na bakin tafki, ba da daɗewa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Wasunku sun sha ganin fuskarsa a talabijin. Wasunku ma sun zage shi daga kan kujerun filin wasa ranar Lahadi, Allah ya yafe mana. Ba ɗan masallacin nan ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Amma ciwon da ya kama shi ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shige shi.

Shi ne babban manajan kulob ɗin ƙwallon garin nan, ƙwallon da ake sa kwalkwali ana jifa da hannu. Mafi nauyin aikinsa shi ne zaɓen sababbin 'yan wasa. Kun san yadda ake yi duk watan Afrilu. A jera yaran da suka fito daga jami'o'i, kulob-kulob su riƙa ɗauka bi da bi har zagaye bakwai, wanda ya zo na ƙarshe a kakar wasan da ta wuce shi ke fara zaɓa. In ka ɗauki na kirki, ka more su shekara goma. In ka yi kuskure, ba mai gani a ranar. Sai bayan shekara uku ko huɗu, tsofaffi sun gaji, a waiwaya a ga babu mai maye gurbinsu.

Mutumin nan yana da amini, sunansa Otis Rainey. Ƙauyensu ɗaya can kudu a Mississippi, makarantarsu ɗaya. A ƙungiyar makarantar, mutumin namu shi ne mai jefa ƙwallo. Otis kuwa yana cikin ƙattin da ke tsayawa a gabansa suna tare masu zuwa kayar da shi. Shekara da shekaru Otis yana shan karo a kai da ƙirji don kada a taɓa abokinsa. Daga baya gwiwar Otis ta lalace a jami'a, shi kuma mutumin ƙarfin hannunsa bai kai na ƙwararru ba. Sai suka taho arewa tare, suka sami aiki a kulob ɗin nan, aikin yawon neman 'yan wasa.

Shekara goma sha biyar suna kan hanya a tsohuwar mota ɗaya. Yau suna Alabama, jibi suna Kansas. Abincinsu soyayyar tarwaɗa da burodin masara a shagunan bakin titi. Da mutumin ya yi aure, Otis ne babban abokin ango. Da aka haifa masa 'ya, Otis ne ya fara ɗaukarta bayan iyayenta.

Allah ya ba kowannensu baiwarsa. Otis ido gare shi. Yakan isa fili awa biyu kafin wasa, ya zauna shi kaɗai. Ba gudun yaro kawai yake kallo ba. Yana kallon yadda yake tashi in an kayar da shi, da yadda yake yi wa ɗan uwansa magana in ya yi kuskure. Yakan je wurin matar da ke wanke rigunan ƙungiya ya tambaye ta, yaron nan yana gaishe ki kuwa? Sai ya rubuta da fensir a ɗan littafi, wanda ya yarda da shi ya sa masa tauraro a gefen suna.

Shi kuwa mutumin namu baki gare shi. In ya tsaya gaban masu kuɗi yana bayani, sai ka ga suna gyaɗa kai. Don haka shi aka riƙa ɗagawa har ya zama babban manaja. Kuma ranar da ya hau kujerar, abin da ya fara yi shi ne naɗa Otis shugaban masu neman 'yan wasa. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa. Mutumin nan ba mugu aka haife shi ba. Yana son abokinsa.

Shekara biyar suna zaɓe mai kyau. Otis ya gano, shi ya ɗauka. A shekara ta biyar kulob ya zama zakaran yankinsa, abin da aka yi shekara ashirin da shida ba a gani ba. Wanda yake garin nan a lokacin ya tuna. Masana'antar ƙarfe ta rufe, mutane ba aiki, amma ranar har waɗanda ba sa ga maciji da juna sai da suka rungumi juna a titi cikin dusar ƙanƙara.

Aka yi liyafa. Mai kulob ɗin wata tsohuwa ce, Madam Hollister, wadda ta gaje shi daga mijinta, mace ce da ba ta tauna magana. Ta karɓi abin magana ta ce, "Gidan nan akwai bakuna da yawa, amma ido ɗaya gare mu. Ga shi can yana ɓuya a bayan faranti. Otis, tashi su gan ka."

Aka yi dariya, aka yi tafi. Otis ya miƙe da kunya, ya zauna da sauri. Mutumin namu shi ma ya yi tafi, har ya fi kowa. Amma abincin da ke gabansa bai ƙara shiga ba. Washegari jarida ta buga maganar a shafin farko. Ya karanta sau uku a cikin mota, ya ninke, ya sa a aljihu.

Me aka rage masa? An ƙwace masa kujera ne? An taɓa albashinsa? Ba ko ɗaya. An dai yabi ɗan uwansa a gabansa, shi ke nan.

Afrilu ya zo. Suna ɗakin zaɓe, ga allo cike da katunan sunaye. A saman allon akwai wani ƙaton yaro daga wata ƙaramar jami'a a Louisiana, Terrence Boudreaux, irin masu tsayawa gaban mai jefa ƙwallo. Otis ya sa masa tauraro biyu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Kuma ku ji wannan da kyau: mutumin namu ya kalli bidiyon wasannin yaron shi kaɗai a ofis. Ya san Otis yana da gaskiya. Ya sani sarai.

Layi ya zo kansu, agogo ya fara tafiya. Otis ya shafa hannu ya ce, "Ɗauki waya, mutumina, kafin wani ya yi mana ƙafa."

"Ba shi za mu ɗauka ba."

Otis ya yi dariya. "Yau kuma zolaya ce ta motsa? Minti takwas ya rage."

"Na ce ba shi ba."

Ya miƙe, ya cire katin Boudreaux, ya ɗora na wani yaro mai gudu wanda 'yan talabijin suka yi wata uku suna kambamawa. Otis ya ce a hankali, "Yaron nan yana da gudu, gaskiya ne. Amma in ya ji takun mutum a bayansa, sakin ƙwallo yake yi."

"Ai ba kai kaɗai ke da ido a gidan nan ba."

Otis ya rufe ɗan littafinsa. Kulob ɗin ƙetaren tafki, abokan hamayyarmu, su suka ɗauki Boudreaux. Har yau yana can, sau biyu a shekara muna karawa da shi. Wanda aka ɗauka a madadinsa kuwa, kaka biyu ya yi aka sallame shi.

Da a nan ya tsaya, da sai a ce kuskure ne. Kowa yana kuskure. Amma shekara ta zagayo ya sake. Duk sunan da ya ga tauraro a gefensa, sai ya sami dalili. Wannan gajere ne. Wancan jami'arsu ba ta karawa da manya. Wannan kuma an ce yana da ciwon idon sawu. Baki gare shi, na gaya muku, don haka duk dalilin da ya kawo sai a ga kamar hikima ce. Kulob kuwa bai faɗi nan take ba, domin 'yan wasan da suka zaɓa a shekarun baya suna nan suna riƙe da shi. Ya riƙa gaya wa kansa, ga shi nan, ba abin da ya faru.

Wata rana da azahar, kafin zaɓe na uku, Otis ya shigo ofishinsa da ƙunshin abinci. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Lorraine ta ce in kawo maka, wai ta gan ka a talabijin ka rame." Lorraine matar Otis ce. Ya ja kujera ya zauna, yana murza gwiwar nan tasa.

"Na lura da wani abu," in ji Otis. "Duk wanda na sa wa tauraro, shi kake tsallakewa. Da farko na ce ko idona ne ya fara mutuwa. Sai na ga yaran suna can suna tashe a garuruwan wasu."

"To me kake nufi?"

"Ba na nufin komai." Ya zaro ɗan littafinsa ya tura masa. "Ga na bana. Ban sa sunana ba. Sa naka. Ka ce kai ka je Arkansas ka gano su, ni kuma in an tambaye ni in ce haka aka yi. Ni dai a ɗauki yaran."

Ya 'yan uwa, ga ƙofa an buɗe masa. Wane aboki ne zai yi maka haka? Amma mai hassada, in ka kyautata masa, ƙara masa ciwo kake yi, domin yanzu ka fi shi ido, ka kuma fi shi hali.

Mutumin ya ce, "Wato sadaka ka kawo mini."

"Haba, ɗan garinmu."

"Manaja ake ce mini a nan."

Otis ya ce, "To, Manaja." Ya tashi ya fita, ya bar littafin da abincin. Mutumin bai buɗe ko ɗaya ba.

A wannan shekarar ce ya yanke shawarar yin abin da za a ce nasa ne shi kaɗai. Akwai wani yaro mai jefa ƙwallo daga Montana, Kellan Voss, ɗan makiyaya, shekararsa ashirin da ɗaya, kowa na so. Don ya kai gare shi, mutumin ya yi musaya da kulob ɗin da ke kan gaba a layi. Ya ba su zaɓinsa na zagayen farko na bana, da na baɗi, da na shekarar da ke biye.

Otis ya yi magana a gaban kowa, karo na farko kuma na ƙarshe. Ya ce, "Yaron yana da kyau, ni ma na sa masa tauraro. Amma wa zai tare masa? Masu tsayawa gabansa duk sun haura shekara talatin, biyu gwiwarsu ta tafi. Shekara uku ba mu ɗauki ko ɗaya ba. In ka sa yaron nan a bayansu, kashe shi za a yi."

Mako biyu bayan haka, ranar Litinin, Otis ya zo aiki ya kara katinsa a ƙofa, ta ƙi buɗewa. Ya sake karawa. Mai gadi ya fito da kwali a hannu, kansa a ƙasa, ya ce, "Mista Rainey, yi haƙuri, an ce in ba ka wannan." Kofin shan gahawarsa ne a ciki, da hoton Lorraine, da takardar godiya bisa hidimar shekara ashirin da uku. Mutumin namu yana sama, yana kallo ta tsakanin labule. Ya ga Otis ya ɗaga kai ya dubi tagar. Ya ja da baya. Bai sauko ba.

Otis ya sayar da gidansa ya koma Mississippi. 'Yar mutumin, wadda ta tashi tana ce wa Otis kawu, ta kira ubanta ta tambaye shi dalili. Ya yi mata bayani irin nasa, mai tsari. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Baba, ni ba 'yar jarida ba ce." Ta kashe waya.

Kaka ta fara. Koci ya so a bar Kellan a benci shekara guda ya koya, manaja ya ce a'a, a sa shi tun wasan farko. Garin nan ya so yaron. Yana da ladabi, kowa yallaɓai ne a bakinsa. Amma duk Lahadi sai ka ga an ratso masu tare masa kamar ba kowa a wurin, a haɗa shi da ƙasa. Ya tashi. A sake. Ya tashi. Sau hamsin da wani abu aka kayar da shi a kakar farko. A ta biyu, cikin Nuwamba, ƙasa ta daskare kamar siminti, mutum biyu suka faɗa masa a kafaɗar da yake jifa da ita. Filin da ke ɗauke da mutum dubu sittin ya yi shiru har ana jin muryar likita.

Mutumin ya je asibiti washegari da safe, domin manaja dole ya je. Ya tarar da yaron kwance, an naɗe shi daga wuya zuwa ƙugu, matarsa na gefe da jaririya. Kellan ya yi ƙoƙarin tashi zaune ya kasa. Ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Ka ba da komai saboda ni, ga shi na ba ka kunya."

Kun ji? Wanda aka zalunta shi ke ba da haƙuri. Mutumin ya dafa ƙarfen gado ya ce, "Kada ka damu, za ka warke." Ya fita ya shiga motarsa, ya yi rabin awa bai tayar da ita ba. A nan ya ɗauki waya ya nemo lambar Otis, ya zuba mata ido. Sai zuciya ta ce masa, in ka kira, ka amsa cewa shi ke da gaskiya ke nan. Ya mayar da wayar aljihu.

An yi wa Kellan aiki sau uku. Bai sake jefa ƙwallo ba. Yana da shekara ashirin da uku ya koma gonar ubansa, hannun damansa ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. In zai ɗaga 'yarsa, da hagu yake ɗauka.

A kakar nan kulob ya ci wasa biyu cikin goma sha bakwai. Mu ne na ƙarshe a ƙasa baki ɗaya. A ƙa'ida, na ƙarshe shi ke fara zaɓe, wannan ce 'yar rahamar da aka tanadar wa wanda ya faɗi. Amma ina zaɓin? Manaja ya riga ya bayar a musayar Kellan. Wasu can suka ɗauki yaron da ya fi kowa a shekarar, da wahalar da 'yan wasanmu suka sha.

Ranar Litinin ta farko bayan kaka, Madam Hollister ta kira shi gidanta. Ya tarar da ita a keken guragu, ga kwali a gabanta cike da ƙananan littattafai. Na Otis ne, an samo su a ɗakin ajiya.

Ta ce, "Na sa an duba mini. Cikin shekara ukun nan Otis ya sa wa yara ashirin da ɗaya tauraro. Goma sha shida suna wasa a kulob ɗin wasu yanzu haka. Mu guda ɗaya muka ɗauka, shi ma mun karya shi. Ba ka gani ba ne?"

Shekara talatin bakinsa yana fitar da shi daga kowane rami. Ranar ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gani, ranki ya daɗe."

"To don me?"

Ta jira. Da ta ga ba zai amsa ba, ta ce, "Likita ya ba ni shekara biyu, in an yi sa'a uku. Masu lissafi sun ce sai an rushe komai an fara daga tushe, kuma shekara biyar ne mafi ƙaranci. Ka ga ke nan ba zan gani ba. Tashi ka tafi."

Kun san me ake nufi da rushewa a fara daga tushe? A jarida kalma ce kawai. A ƙasa kuwa mutane ne. Aka sallami koci da mataimakansa goma sha tara. Aka sallami masu neman 'yan wasa, waɗanda ba su da laifin komai sai dai ba a saurare su ba. Iyalai sama da arba'in suka cire yara daga makaranta a tsakiyar shekara suka bar gari. Duk ɗan wasan da ke da sauran daraja aka yi musayarsa da zaɓen shekaru masu zuwa. Masu sayar da abinci da masu ajiye motoci a kewayen fili suka ga rabin kujeru babu kowa.

Cikin waɗanda aka tura wasu kulob-kulob har da kyaftin, Jarvis Tull. Shekara goma sha biyu yana garin nan, a nan ya binne mahaifiyarsa, ya sha faɗa cewa da rigar nan zai yi ritaya. Suka haɗu da mutumin a wurin ajiye motoci, kowa da kwalinsa. Jarvis bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara uku masu kyau suka rage mini a jiki. Duk Afrilu ina zaune gaban talabijin ina jiran ka kawo mana taimako. Ka cinye mini su, Manaja. Allah ya sa ka ƙoshi." Ya shiga motarsa.

Ba kulob ɗin da ya sake neman mutumin. Waya ta daina ƙara. Ya yi wata biyu a gida ba ya ɗaga labule. Sai a watan Maris ya shiga mota ya nufi kudu, tafiyar kwana biyu, yana ta jera kalmomin da zai faɗa.

Ya isa da la'asar. Lorraine na baranda tana ɓare wake. Ta gan shi, hannunta ya tsaya. Ba ta yi masa maraba ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta ce, "Yana ciki. Amma ba wanda ka sani ba ne. Jini ya hau masa ka bara, tun daga nan abubuwa ke zube masa. Likita ya ce har da karon da ya sha yana saurayi."

Ya shiga. Otis na zaune kusa da taga, ya rame, bargo a gwiwarsa. Ya ɗago kai, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kai! Ina ka shiga, mutumina? Lorraine! Ga ɗan garinmu, ɗora tarwaɗa a wuta!"

Mutumin ya durƙusa a gaban kujerar. Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya faɗi yadda ya san yaran na kirki ne ya ƙi ɗauka. Ya faɗi yadda ya tsaya bayan labule. Ya faɗi zancen Kellan da kafaɗarsa. Ya kira abin da sunansa, ya ce hassada ce. Otis yana saurare, goshinsa a tattare, kamar ana ba shi labarin wani gari mai nisa.

Da ya gama, Otis ya ce, "Subhana. Wa aka yi wa haka?"

"Kai aka yi wa, Otis."

"Ni? To wa ya yi?"

"Ni ne."

Otis ya fashe da dariya, har ya buga hannun kujera. "Kai dai ba ka rabo da zolaya. Kai? Duk duniya in an ce wani zai yi mini haka, ban da kai."

"Don Allah ka ce ka yafe mini."

"In yafe me? Ba ka yi mini komai ba." Ya miƙa hannu ya shafa kansa kamar yaro. "Tashi, za ka ɓata wandonka. Me ya sa kake kuka?"

Ya juya ya kalli taga na ɗan lokaci. Da ya waiwayo, sai fuskarsa ta sake washewa. Ya ce, "Kai! Ina ka shiga, mutumina?"

Lorraine ta raka shi bakin mota. Ta ce, "Shekara guda cur, in waya ta yi ƙara sai ya ce in miƙo masa, ƙila kai ne. Ya riga ya shirya abin da zai ce maka. Cewa zai yi komai ya wuce, ku je kamun kifi. Da ka kira sau ɗaya, da ka ji da kunnenka." Ta goge hannunta da zani. "Ni kuwa ban kai nan ba tukuna. Kada ka roƙe ni yau."

Ya koma sau huɗu bayan wannan. Duk zuwa sai ya sake faɗa, duk zuwa amsar ɗaya ce. Otis ya rasu a damina ta gaba. Madam Hollister ta bi shi bayan wata biyar. Kulob yana shekara ta uku da fara ginin, kuma kun ga yadda Lahadin da ta wuce ta kasance. Mutumin yana nan a wani ƙaramin gida a bayan gari. Wanda ya gaya mini labarin nan daga bakinsa ya ji, ya ce abin da ke hana shi sukuni ba zagin mutane ba ne. Dariyar nan ce ta Otis.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan ya samu? Ɓarawo in ya yi sata, yana tafiya da wani abu a hannu. Mashayi yana jin daɗin awa guda. Mai hassada fa? Ba abin da ya shiga aljihunsa. Ya gwammace kulob ɗinsa ya faɗi, sunansa ya ɓaci, ɗan mutane ya nakasa, da dai a sake cewa abokinsa ya iya. Kuma bai taɓa ce wa kansa hassada nake yi ba sai da komai ya ƙare. Kullum yana da dalili mai kyau.

Kada wani ya ce ni ba manaja ba ne, ba ruwana. Kai da kake shugaban ma'aikata a sito, wa ka hana ƙarin girma don ya fi ka iya aiki? Ke da kike babbar nas, shawarar wa kika yi watsi da ita don ba daga bakinki ta fito ba? Mu da muke kwamitin masallacin nan, sau nawa muka kashe magana mai kyau saboda wanda ya kawo ta? Duk wanda aka ba ikon zaɓa wa mutane, amana aka ba shi. In ya san daidai ya kauce saboda abin da ke ransa, ya ci amanar duk wanda abin zai shafa, har waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Kuma za a tambaye shi.

Baiwar ɗan uwanka ba daga rabonka aka yanka ba. Wanda ya ba shi ido shi ya ba ka baki. In ka ji zafin abin da aka ba shi, da wa kake faɗa?

Sa'an nan wannan, kuma shi ya fi tsorata ni. Laifin da ke tsakaninka da Allah, ka tuba ya yafe. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Muna ɗauka mutuwa ce kaɗai ke rufe wannan ƙofa, muna cewa ai yana raye, zan kira shi bayan Sallah. Ga mutum nan ya tarar da abokinsa da rai, yana dariya, yana shafa masa kai, amma ba sauran wanda zai yafe masa a cikin jikin nan. In akwai lambar da kake nemowa a waya kana mayarwa aljihu, to kada rana ta faɗi yau ba ka kira ba.

Ya Allah, ka wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ka ba bayinka. Ka sa mu iya jin an yabi ɗan uwanmu mu yi murna har cikin rai. Ka ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, ka ba mu ikon neman gafarar waɗanda muka zalunta tun suna iya ji su amsa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.